Haƙorin Hagu

Ina ɗan shekara tara, na gama famfarar gaba ke nan,
sababbin haƙoran sun fi bakina girma,
sai ƙanƙara ta kwana a gangaren Pitsmoor,
ta wayi gari tana jiran wanda zai yi gudu.
Ni na yi.
Santsi ya kwashe ni, bakin dakali ya karɓe ni,
na ji ƙas, kamar an tauna aya.

Jinin bai cika cokali ba.
Inna Barira ta durƙusa a titi da safar hannu ɗaya,
tana laluben fari a cikin fari kamar mai tsintar shinkafa,
har ta samo ɓantaren, bai kai ƙwayar masara ba.
Wata tsohuwa ta leƙo ta taga, ta ce a jefa shi a madara.
Haka muka hau bas, ni da leɓe suntum,
ita da kofin aro, ta rufe shi da tafin hannu.

Dakta Sandhu ya ƙwanƙwasa shi kamar mai sallama a ƙofa.
Ya ce da sauƙi. Ya liƙa, ya goge,
ya ce mu riƙa dawowa, irin wannan ba a saurin yarda da shi.
Mun koma sau biyu.
Sai tashi daga unguwa, sai jarrabawa, sai mantuwa.

Shekara goma sha bakwai yana aikinsa.
Ya yagi kilishin tsaraba, ya tsinke zare,
ya tsaya a hoton kammala karatu yana ƙyalli kamar kowa.

Mardiyya ce ta fara gani, muna duba hotunan aurenmu.
"Wannan na hagun, me ya sa ya yi duhu?"
Na ce inuwa ce.
Na dirje shi da asuwaki, da gishiri, har da gawayi,
na yi wata guda ban sha baƙin shayi ba.
Ashe daga ciki yake tasowa,
toka-toka, kamar samaniyar Sheffield a Nuwamba.

Sabuwar likita ta ɗora auduga mai sanyi a kan na dama,
na zabura.
Ta ɗora a kan na hagu.
Shiru.
Ta ɗaga hoto, ta nuna min baƙin ɗigo a ƙarshen saiwa,
ta ce jijiyar ta mutu, kuma ta jima.
Na ce yaushe?
Ta ce ba mai iya faɗa.

Wannan ne ya tsaya min a wuya.
Wace rana ce? Ina barci, ko ina jiran bas,
ko ina tsakiyar dariya?
Ba zogi, ba sallama, ba wanda ya zo min gaisuwa.
Shekaru ina yi wa mutane murmushi
da mamaci a sahun gaba.

Zama uku aka yi.
Aka huda ta baya, aka share ɗakin tas,
aka cike shi da abin da ba ya jin sanyi.
Ya ci rabin albashina, yana nan tsaye, ba ya godiya.

Na buga wa Inna waya.
Ta yi dariya, ta ce, "Da ka jira ka sa na Makka."
Sai ta yi jim.
"Da mun koma na ukun..."
Na ce ko mun koma, Inna.
Ban sani ba ko gaskiya na faɗa.

Jiya ƙanƙara ta sake kwana a gangare.
Suwaiba na da shekara bakwai, giɓinta ya fara cikewa,
biyu farare sun leƙo, bakinsu zarto-zarto.
Na riƙe ta har ƙofar makaranta.
Ta ce, "Baba, kana matse min hannu."
Na sassauta kaɗan.
Harshena ya koma inda ya saba zuwa,
yana shafar bayan ƙofar da aka toshe.